Tambaya da Amsa: Guguwar teku, ina ruwan mutanen tudu?

Wasiƙu huɗu na ware a wannan makon, domin duk maganarsu ɗaya ce: mahaukaciyar guguwar nan da ke tasowa daga teku, wadda muke jin labarinta a rediyo kowace shekara. Na taƙaita tambayoyin. Amsar farko ta yi tsawo, ku yi mini haƙuri, tsohon malamin labarin ƙasa in ya kama alli ba ya saurin ajiyewa.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ɗana na fari yana karatu a Amurka, a wani gari da ke cikin duwatsu. Duk ran da na ji an ce guguwa ta tunkari ƙasar sai hankalina ya tashi, in kira shi. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Umma, tsakaninmu da teku tafiyar awa shida ce a mota, ki kwanta ki yi barcinki." Shin gaskiyarsa ce, ni ce mai neman tashin hankali?

AMSA: Hajiya, Allah ya raya shi, ya ba shi abin da ya je nema. Yana da gaskiya, amma rabinta ya riƙe.

Guguwar nan makamai uku take tafe da su. Akwai tumbatsar teku, wato ruwan da iska ke turowa ya hau gaɓa ya shanye gidaje. Wannan kam ba zai iske ɗanki ba, iyakarsa bakin teku da bakunan koguna. Akwai iska. Ita ma takan yi rauni in ta hau tudu, saboda abincin guguwa shi ne tururin da ke tashi daga teku mai ɗumi, wanda zafinsa ya kai digiri 26 zuwa 27. Da zarar ta bar teku an yaye ta ke nan, ga bishiyoyi da duwatsu da gine-gine suna tare mata hanya. Cikin kwana guda sai ki ga ƙarfin iskar ya ragu da kusan rabi. Har nan ɗanki bai yi ƙarya ba.

Na ukun ne ya manta, ruwan sama. Guguwa takan yi kwana da kwanaki tana zuƙar tururi a kan teku, ta tara shi a cikin gajimare mai faɗin ɗaruruwan kilomita. Iska ta mutu, amma kayan da ta ɗauko suna nan a sama, kuma kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Inda ya fi faɗowa kuwa shi ne irin wurin da ɗanki yake. In iska mai laima ta ci karo da dutse, ba ta da hanya sai ta hau. Tana hawa tana sanyi, tana sanyi tana sakin ruwa. Dutse yakan matse gajimare kamar yadda kike matse jiƙaƙƙen zane bayan wanki.

Ga abin da ya faru ba da daɗewa ba. Daren 26 ga Satumba 2024 guguwar Helene ta hau tudu a jihar Fulorida da iska mai gudun kilomita 225 a awa. Birnin Asheville da ke jihar Karolina ta Arewa yana da nisan fiye da kilomita 600 daga wurin, a cikin duwatsun Appalachia, kimanin mita 650 sama da teku. Har jaridu sun sha kiransa mafakar masu gudun bala'in yanayi. Kafin guguwar ta iso, an riga an yi kwana biyu ana tafka ruwa a yankin, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Sai ga babban baƙon. A wani ƙauye da ake kira Busick, ma'auni ya nuna ruwan sama na santimita 78 cikin kwana uku.

Na san santimita 78 ba ya tayar wa kowa hankali a takarda, don haka bari in yi miki lissafin da nakan yi wa ɗalibai. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, lita ɗaya ke nan. To santimita 78 lita 780 ne a kan wannan ɗan filin da bai wuce shimfiɗar tabarma ba. Rufin gida mai mita goma ta kowane gefe ya karɓi lita 78,000. In za ki tara shi a duro mai cin lita 200, sai kin jera duro 390. Rufi ɗaya fa ke nan. Yanzu ki ɗauki dukan gangaren dutse, da wanda ke kusa da shi, da na bayansa, kowanne yana juye nasa cikin kwari guda ɗan siriri, inda hanya da gada da gidajen mutane suke, domin a ƙasar duwatsu kwari ne kaɗai wurin da ya miƙe a yi gini. Kogin French Broad da ya ratsa Asheville ya tashi ya kai mita 7.5, ya wuce iyakar da ya taɓa kaiwa a 1916. Ambaliyar 1916 ɗin ma, ragowar guguwar teku ce ta kawo ta. A garin Erwin na jihar Tennessee, sai da jirage masu saukar ungulu suka kwashe mutum fiye da 50 daga kan rufin asibiti. Mutanen da suka rasu a Karolina ta Arewa sun haura 100, sun fi na Fulorida inda guguwar ta sauka da dukan ƙarfinta. Wani abin da ya tsaya mini a rai shi ne, babbar cibiyar da gwamnatin Amurka ke adana bayanan yanayi a cikin Asheville take, kuma ita ma sai da aikinta ya tsaya.

Sai kuma zaftarewar ƙasa, wadda ni ta fi ba ni tsoro, don ambaliya ko ba komai kana ganin ruwa yana hauhawa. Lokacin da nake koyarwa nakan shigo aji da faranti mai faɗi, in cika shi da ƙasa, in danna ta sosai, in tokare gefe ɗaya da bulo ya karkata. Sai in ba wani yaro gwangwani mai huji a gindi ya riƙa yayyafa ruwa. Gwangwani na farko, ƙasa ta shanye, ba abin da ya motsa. Na biyu, ta yi duhu, ta yi nauyi. Yara sun fara gajiya, wasu na hamma. Ana cikin na uku sai ka ga wata 'yar tsaga ta bayyana can sama, kafin mai yayyafin ya ɗago kai, rabin ƙasar ya sulale ya zube a kan tebur gaba ɗaya. Kullum sai an yi ihu. Abin da ya faru shi ne ruwa ya cika duk ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasar, ya raba su da juna, ya ƙara musu nauyi. A kan dutse na gaske, laka takan gangaro da bishiyoyi da duwatsu masu girman mota, da gudun da mai gudu ba ya tsere mata. Bayan Helene, masana sun ƙirga irin wannan zaftarewa fiye da 2,000.

Tsofaffin jihar Bajiniya suna da nasu labarin. A watan Agusta 1969 guguwar Camille ta daki gaɓar Mississippi, ta shiga cikin ƙasa, ta yi laushi, har kowa ya ɗauka ta mutu. Bayan kwana biyu, a nisan fiye da kilomita 1,000, ragowarta ta haɗu da wata iska mai sanyi a kan duwatsun gundumar Nelson, ta zubar da ruwan kimanin santimita 68 a dare ɗaya. Mutane na barci. Ba wanda ya gargaɗe su, don ba wanda ya zata. Fiye da mutum 150 suka rasu a jihar.

Ba na faɗi wannan don in hana ki barci ba, Hajiya. Hasashen yanayi na yau ya yi wa na 1969 nisa, ana sanar da mutane tun da sauran kwanaki. In kin kira shi, bar maganar teku, don a nan zai kayar da ke. Tambaye shi sunan rafin da ya fi kusa da ɗakinsa, da ko ɗakin yana gindin gangare ko a bene na ƙasa. Ki ce kada ya kashe saƙon gargaɗin gaggawa na wayarsa da dare. In hukuma ta ce a tashi, ya tashi tun hanya na biyuwa. Kada kuma ya kuskura ya shiga ruwan da ya haye titi da mota: ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana kayar da babban mutum, santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, santimita 60 kuwa har manya yana tafiya da su. Mutane da yawa a cikin motarsu ajali ke samunsu, suna ganin ai hanyar gida ce, sun san ta. Ba su san ruwa ya riga ya cinye kwaltar daga ƙasa ba.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne. Ina jin ana cewa guguwa ta kai mataki na 4, can kuma a ce ta sauko mataki na 1, ko a ce ta daina zama guguwa ma. In ta sauko, haɗarin ya wuce ke nan?

AMSA: Ɗana, wannan lambar ta yaudari mutane da yawa. Ma'aunin Saffir da Simpson ake kiransa, da sunan injiniya Herbert Saffir da masanin yanayi Robert Simpson, waɗanda suka tsara shi a farkon shekarun 1970. Mataki na 1 yana farawa daga iska mai gudun kilomita 119 a awa, na 5 daga kilomita 252. Iska kaɗai yake aunawa. Bai san yawan ruwan da guguwa ta ɗauko ba, bai san faɗinta ba, bai san saurin tafiyarta ba. Shi Saffir abin da ya dame shi shi ne irin ɓarnar da iska ke yi wa gini, kuma ta wannan fuskar ma'aunin ya yi aikinsa. Laifin namu ne da muka mai da shi ma'aunin haɗari gaba ɗaya. Ƙididdigar cibiyar kula da guguwa ta Amurka ta nuna cewa a shekarun baya-bayan nan fiye da rabin waɗanda guguwa ke kashewa kai tsaye, ambaliyar ruwan sama ce ke cin su.

Dubi guguwar Agnes a watan Yuni 1972. Da kyar ta kai mataki na 1 lokacin da ta shiga Fulorida. Amma da ta isa jihar Pennsylvania sai kogin Susquehanna ya haye katangar da aka yi masa, ya shanye birnin Wilkes-Barre, har maƙabarta ya tone. A zamaninta ba a taɓa yin guguwar da ta jawo wa Amurka asarar dukiya kamarta ba. Irene kuma a 2011, ko sunan mahaukaciyar guguwa ba ta da shi sa'ad da ta isa Vermont, jihar da ba ta taɓa teku ta ko'ina. Ta lalata tituna na kimanin kilomita 800 da gadoji wajen 200, garuruwa fiye da goma suka yanke daga duniya, sai ta sama ake kai musu abinci.

Abin da nake so ka riƙa saurara a labarai shi ne saurin tafiyarta. Kada ka haɗa shi da gudun iskar da ke juyawa a cikinta, abu biyu ne daban. Guguwa tana iya juyi kamar mahaukaciya alhali tana jan jiki kamar hawainiya. Mai jan jiki ita ce mai ambaliya, don ta tsaya a kanka tana juye kayanta wuri ɗaya. Harvey a 2017 ta yi kwana huɗu tana kai da komo a kan jihar Texas, ta zubar da ruwan da ya haura santimita 150 a wani wuri. Mai saurin kuma nata sharrin daban: ba ta ba iskarta lokacin mutuwa. Hugo a 1989 ta hau tudu kusa da Charleston da tsakar dare, kafin gari ya waye ta isa Charlotte, kimanin kilomita 300 a cikin ƙasa, ta tuge dubban bishiyoyi, wasu unguwanni suka yi makonni ba wuta. Bishiyar cikin ƙasa ba ta saba da irin wannan iska ba, ga ganye ya cika ta, ga ƙasa ta jiƙe saiwa ba ta da abin kamawa. Ike ma a 2008 ta sauka a Texas, washegari ragowarta ta jefa miliyoyin mutane cikin duhu a jihar Ohio, can kusa da iyakar Kanada.

Akwai kuma 'ya'yan da take haifa a hanya, ƙananan guguwa masu murɗawa da ake kira tonado. Sukan fito a gefen dama na gabanta, nesa da tsakiyarta, sau da yawa a lulluɓe cikin ruwan sama yadda ba a hango su. Ivan kaɗai a 2004 ta haifi fiye da 100.

TAMBAYA: Malam, duk labarin da nake ji na Amurka ne. Su kaɗai abin ke samu?

AMSA: A'a, ɗan'uwa, su dai sun fi kyamara. Abu ɗaya ne mai suna uku: a tekun Atilantika harikan, a yammacin tekun Fasifik taifun, a tekun Indiya saikulon. Galibin manyan na Atilantika ma daga hadarin da ke ratsa Afirka ta Yamma suke farawa, su fita teku ta wajen tsibiran Kef Bade su girma a hanya.

Zimbabuwe da Malawi ba su da teku ko taku ɗaya. A watan Maris 2019 Idai ta daki birnin Beira na Mozambik, ta wuce zuwa duwatsun Chimanimani na Zimbabuwe, inda laka da duwatsu suka gangaro wa mutane cikin dare. A wata makarantar kwana dutse ya faɗo kan gini ya kashe ɗalibai biyu, sauran suka yi kwanaki a maƙale don hanya ta yanke. Mamatan Mozambik da Zimbabuwe da Malawi sun haura 1,000. Freddy a 2023 ta taso daga kusa da Ostareliya, ta ƙetare tekun Indiya kaf, ta yi kwana 36 a raye, abin da ba a taɓa gani ba. Amma mafi munin ɓarnarta a Malawi ta yi, a unguwannin da ke jikin dutsen Soche a birnin Blantyre. Waɗanda suka rasu da waɗanda ba a gani ba a ƙasar sun haura 1,000, kuma ta iske su suna fama da annobar kwalara mafi muni a tarihinsu. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Mitch a 1998 ta kashe fiye da mutum 11,000 a Amurka ta Tsakiya. Gefen dutsen Casita na Nikaragua ya ɓalle ya binne ƙauyuka biyu da mutum fiye da 2,000.

In ka lura, wanda ke gina ɗaki a jikin gangare ko a bakin kwazazzabo ba don ya raina haɗari ba ne, nan ne filin da ƙarfinsa ya kai. In kuma aka sare bishiyoyin da saiwarsu ke riƙe da ƙasar, sai farantin nan nawa ya zube tun a gwangwani na biyu. Ga shi kuma duniya na ƙara ɗumi, kuma duk digiri ɗaya da iska ta ƙara, tana iya ɗaukar ƙarin laima da kimanin kashi 7 cikin 100.

TAMBAYA: Malam, in ruwa ya janye, rana ta fito, ai shi ke nan ko?

AMSA: Ina fa, 'yar'uwa. A wurin mutanen cikin ƙasa, sau da yawa ranar ce wahalar ke farawa. Garin bakin teku yana da hanyoyi da yawa da tashar jirgin ruwa, kuma tun kafin guguwa ta iso an jibge masa kayan agaji. Ƙauyen cikin duwatsu kuwa titi ɗaya gare shi da gada ɗaya. In sun tafi, ba motar asibiti, ba mai gyaran wuta, turakun waya sun faɗi, ba ka ma da yadda za ka gaya wa danginka kana raye. Bayan Helene wani ɓangare na babban titin I-40 ya rufta cikin kogi, aka yi watanni ba a bi. Mutanen Asheville, da ruwa ya kusa cinye su, sun yi kwana 53 ba su da ruwan famfo na sha, saboda manyan bututu sun ɓalle kuma laka ta gurɓata madatsar da suke sha. Rijiya ma ba a amince mata sai an gwada, don ruwan ambaliya yakan kwaso masai da man fetur da mushe.

Ɓarnar takan kai har inda ko yayyafi ba a yi ba. A yankin akwai wata masana'anta da ke yin kimanin kashi 60 cikin 100 na ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya a Amurka. Da ambaliya ta shige ta, asibitoci a jihohi masu nisa suka fara tsimin ruwan, wasu suka ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba. Manoma kuwa nasu ba ya shiga labarai sosai. Michael a watan Oktoba 2018 ta shiga jihar Jojiya da ƙarfinta, auduga ta yi fari fat ana shirin girbi, ta kakkaɓe ta a ƙasa. Auduga a sake shukawa baɗi. Itatuwan lambu da aka yi shekara goma ana raino kafin su fara ba da amfani, su fa? Sannan inshorar gida da aka saba yi a Amurka ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai mutum ya sayi wata daban, kuma mutanen tudu kaɗan ne ƙwarai suka saya, saboda irin lissafin ɗan Hajiya.

Akwai kuma waɗanda suka tsira daga guguwar, kwanakin bayanta suka ɗauke su. Wani ya taka wayar wuta da ta faɗi cikin ruwa. Wani bishiyar da yake sarewa ta juyo masa. Mai ciwon ƙoda ya rasa wurin wankin jini, mai ciwon suga maganinsa ya lalace don firiji ya mutu. Wanda ya fi ci mini rai shi ne janareta. Wuta ta ɗauke, ana ruwa, maigida yana tsoron kada injin ya jiƙe ko a sace, sai ya shigo da shi gareji ko ya ajiye shi a gindin taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Ciwon kai take fara sawa da jiri da kasala, mutum ya ce gajiyar kwashe laka ce, bari ya ɗan kishingiɗa. An sha samun iyali guda a haka da safe. A ajiye shi waje, aƙalla mita shida daga ƙofa da taga, bakin hayaƙin yana kallon nesa da gida, ko da kuwa za a yi masa 'yar rumfa don ruwa.

Wasiƙar mai tambayar yadda ake raɗa wa guguwa suna ta iso, amma fili ya ƙare. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.